Ranar da Kawu Ya Bar Kai Rabi

Jama'a, a yi shiru, a rage rediyo, mai tari ya haɗiye tarinsa. Ga shi nan tafe, sarkin almakashi, gwamnan ƙeya, babban kwamandan gemu da saje, mutumin da manyan unguwa ke sunkuyar wa da kai ko suna so ko ba sa so: Kawu Mai Aski. Fadarsa taku huɗu ce a tsawo, uku a faɗi, tsakanin mai gyaran waya da mai facin taya. A ciki akwai kujera mai juyi wadda ta daina juyi, madubi mai tsaga a kusurwa, bencin masu jira, da fanka da ke kaɗa kai kamar tana musun duk abin da aka faɗa. Babu wanda ya san ko kawun wa ne. Har waɗanda suka girme shi Kawu suke ce masa.

Shekara talatin da ɗaya yana aski, kuma doka ɗaya gare shi: kan da ya fara, sai ya gama shi. In da kai a hannunsa ba ya amsa waya, ba ya shan ruwa, ba ya leƙa waje ko motoci sun yi karo a bakin ƙofa. An taɓa ɗauke wuta yana tsakiyar kan wani malamin makaranta, ya ajiye kilifa ya ɗauki almakashi da mataji ya ƙarasa. A wurinsa mai askin da ya bar kai rabi ɓarawon mutunci ne, don ya karɓi mutum da kamanninsa ya mai da shi abin dariya. Kuma ba ya sauri. Kai ɗaya minti arba'in, in babba ne ya fi haka.

Shekara tara da suka wuce ya ɗaga janareta shi kaɗai, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya kwanta mako biyu ya tashi, ciwon kuwa ya ga wurin zama ya shimfiɗa tabarma. Wata rana kamar an ɗaura masa dutse, wata rana kamar ana tsiyaya masa ruwan zafi daga ƙugu har diddige. Ƙwayoyi babu kalar da bai haɗiya ba. Ya shafa man zafi har masu zuwa aski suna hawaye a kan kujera. An yi masa hoton baya sau uku. A na ukun likitan ƙashi ya ɗaga hoton a gaban fitila ya ce raunin ya warke tuntuni, ƙashin nan daidai yake da shekarunsa.

"To wa ke cizona?" in ji Kawu.

Likitan ya ci gaba da rubutu.

Ga yadda rayuwarsa ta koma. Ranar da ya tashi da sauƙi sai ya far wa kawunan mutane tun safe har yamma kamar mai rama gayya. Kwana uku na gaba kuma yana kwance a ƙasa yana zagin silin. A waɗannan kwanakin makullin shago yana hannun ƙaninsa Auta, ƙato mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ke aski da waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Auta minti goma ya gama kai. Yana barin matattakala a ƙeyar mutum, ya gyara saje ɗaya ya manta da ɗan'uwansa, bai taɓa tunanin kilifa na buƙatar buroshi ba. In Kawu ya miƙe ya fito, daga tsallaken titi yake gane aikin Auta yana yawo a kan wuyan bayin Allah, sai ya kau da kai.

Likitan ƙashi ya rubuta masa takarda zuwa wani ɗaki a saman benen asibitin, zama takwas, mako-mako. Matarsa, wadda unguwa ke ce wa Inna, ta karɓi takardar ta ninke, ta tsaya a kansa yana kwance.

"Malam, na gaji da tsallake ka in zan shiga ɗaki. Ka je mako takwas ɗin nan. In an gama kana nan kana faɗuwa, makulli ya zauna wurin Auta, kai kuma ka zauna a gida."

"Auta? Gara in ba akuya."

"Akuya ba ta nema ba. Shi ya nema."

Ya hau benen da ƙyar, yana riƙe da ƙarfe, yana sa ran wata babbar allura da ba a ba kowa sai wanda ya sha wuya. Ya tura ƙofa ya tarar da kujera biyu, ɗan tebur, kwalin takardar share hawaye, da wata shuka a tukunya. Babu gado, babu warin magani. Wata mata sa'ar 'yarsa ta miƙe, ko abin sauraron ƙirji babu a wuyanta.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna ka ba ni labarin ciwon nan."

"Labari? Ba a aiko miki da hoton ba?"

"Na gani. Daga bakinka nake son ji."

"Ina gadon da zan kwanta?"

"Ba sai ka kwanta ba."

"Allurar fa?"

"Ba na yin allura. Ni likitar tunani da halayya ce. Magana za mu yi, mu gwada wasu dabaru."

Kawu ya dubi ƙofa, ya dube ta, ya ja tsakin da ya kusa kaɗa ganyen shukar nan.

"Ashe wurin masu taɓin hankali aka turo ni. 'Yata, shekara talatin mutane na zuba mini surutu a kan kujera, ban ga wanda magana ta warkar ba."

Ba ta ji haushi ba. Ta miƙo masa takarda mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har mai kuka, ta ce ya nuna wadda ta yi kama da ciwonsa na yau. Ya duba ya mayar mata.

"Waɗannan duk ƙwal suke, ba gashi, ba mutanena ba ne. Wato dai kina cewa a kaina ciwon yake."

"Ban ce ƙarya kake ba, Baba. Ciwonka gaskiya ne, kana jin sa. Ka san motar da ƙararrawarta ke ihu ko kyanwa ce ta gifta? Ɓarawon ya zo sau ɗaya, shekara tara da suka wuce. Tun ranar jikinka bai daina ihu ba. Abin da za mu yi shi ne mu koya masa ya rage."

"Madalla. Na shigo mutum, zan fita mota."

Daga ranar ya sa mata suna Likitar Hira. A mako na biyu ta koya masa numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta baki yana ƙirga shida. Ya dawo shago ya shaida wa benci cewa shekara sittin yana numfashi ba malami, yau an sa shi a aji ɗaya. Ta kuma ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ke faɗo masa a rai duk lokacin da ciwon ya cije shi. Shafi huɗu ya cika da magana ɗaya: na shiga uku, Auta ya gaje shago.

"Ya gaje?" in ji likitar, da ya kai mata littafin.

"Bai gaje ba tukuna."

"In ka faɗi haka a ranka, me bayanka ke yi?"

Kawu ya san amsar, bayan ɗaurewa yake yi tamau kamar igiyar shanya, amma ya ƙi ba ta. Ya ce shi bai saba leƙen bayansa ba.

A mako na uku aka zo wurin da ya fi ƙona masa rai. Ta sa ya auna tsawon lokacin da yake iya tsayuwa kafin ciwon ya fara hawa. Ya auna, minti ashirin da biyar. Sai ta buɗe durowa ta ɗauko wani ɗan agogo mai ƙararrawa, irin wanda mata ke murɗawa in sun ɗora girki, ta ajiye a gabansa.

"Minti ashirin kana tsaye, biyar kana zaune. Da ciwo ko babu, ranar sauƙi ko ranar wuya. Kar ka jira ciwon ya zaunar da kai, kai ka riga shi."

"Kai ɗaya minti arba'in ne."

"To sai ka zauna a tsakiya."

"A tsakiyar me?"

"A tsakiyar kan."

Kawu ya miƙe tsaye, ya manta ma da bayan.

"Ke 'yar nan, wa ke miki kitso? Ta taɓa barin ki rabi ta tafi hutawa?"

"Kullum. Har abinci take ci, ina zaune."

"To Allah ya shirye ta."

Ya karɓi agogon da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Da ya isa shago ya jefa shi durowar da yake tara tsofaffin reza, ya rufe. Mako na huɗu ta tambaye shi, ya ce yana amfani da shi sosai. A ransa ya yanke cewa zai riƙa hutawa tsakanin kai da kai in benci babu kowa. Benci kuwa bai taɓa zama babu kowa ba.

Asabar ɗin mako na biyar ya tashi garau kamar an canza masa ƙugu. Ya yi kai goma sha ɗaya bai ɗora ɗuwawu a ko'ina ba. Na sha biyu wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda Kawu ke gyara wa gemu da reza tun gemun yana baƙi. Ya shafa masa kumfa, ya karkatar da kansa, ya ɗora reza a ƙarƙashin kunne. Nan bayan ya kama shi, kamu ɗaya, kamar an soka masa ƙusa. Hannunsa ya zabura.

Yankan bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma jini ya gangaro cikin kumfa, ya sauka a kan farin tawul, kowa a benci ya gani.

"Ba komai, Kawu," in ji dattijon, yana danne wurin da yatsa. "Wallahi ba komai."

Da dattijon ya zage shi da ya fi wa Kawu sauƙi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fitar wa mutum jini ba. Auta mai waya a kunne ma, duk ƙazantar aikinsa, bai yanki kowa ba. Kawu ya tsaya a sunkuye, reza a hannu, ya kasa miƙewa, ya kasa duban madubi don kar ya haɗa ido da kansa. Mai faci da Auta ne suka kai shi gida, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu.

Kwana huɗu yana ƙasa. A rana ta biyu Inna ta sa hannu a aljihun rigarsa da ke rataye ta cire makulli.

"Ke, saura mako uku. Alkawari muka yi."

"Alkawari muka yi za ka bi abin da aka ce. Ina agogon?"

"Yana shago."

"Na san yana shago. Auta ya gan shi cikin tsofaffin reza, ko murɗa shi ba a taɓa yi ba. Girma ya kama ka, Malam, kana yi wa 'yar cikinka ƙarya. Ka je ka faɗa mata gaskiya, sannan mu yi maganar makulli."

Ya je. Ya zauna gaban kwalin takardar share hawayen nan da ya tsana, ya faɗi komai yana kallon shuka. Ya shirya wa faɗa, har ya tanadi amsoshi, amma ba ta yi faɗan ba.

"Baba, dokar nan taka ta gama kai, me ya sa ka kafa ta tun farko?"

"Don kar mutum ya wulaƙanta a hannuna."

Ta yi shiru tana kallon sa. Abin da ya fi ba shi takaici da ita ke nan, ta san inda za ta yi shiru. Ya zauna cikin shirun nan yana ganin farin tawul, har ya gaji ya yi ƙwafa ya ce a sake gaya masa minti nawa ne.

Ranar Litinin Inna ta ba shi aron makulli, ta ce aro ne. Ya tono agogon, ya goge shi da sifirit, ya ɗora a kan kanta kusa da hoda. Sai Allah ya kawo masa Direba a matsayin kan farko. Direba babbar mota yake ja, kuma duk unguwar babu mai kai irin nasa, ga faɗi ga cika, wata biyu bai ga kilifa ba.

"Kawu, yi da jiki, lodi na jira na."

Kawu ya ɗaura masa ƙyalle, ya murɗa agogo, ya fara ta dama yadda ya saba. Minti ashirin suka wuce kamar an sace su. Gefen dama ya kwanta sumul har yana ƙyalli, gefen hagu yana nan daji guda. Agogo ya ɗauki ƙara.

Abin cin fuskar shi ne bayan lafiya lau yake a lokacin, ko motsi bai yi ba. Hannun Kawu ya riga ya nufi hagu da kansa. Ya tsaya, kilifa na kuka a iska. Sannan ya kashe ta, ya ajiye, ya ce wa mutanen benci su matsa, ya zauna a tsakaninsu ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Direba ya dubi madubi, ya dubi fanka da ke juyawa abinta.

"Wuta aka ɗauke?"

"A'a."

"Inji ne ya mutu?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya faru?"

"Likita ce ta ce."

"Ta ce ka bar ni haka? Ni na je asibitin?"

Benci ya fashe da dariya. Mai faci ya leƙo, ya ga kan Direba, ya koma da gudu ya kira mai gyaran waya. Mai gyaran waya ya zo da wayar wani da aka kawo gyara, ya ce dama yana son gwada ko kyamarar ta tashi. Direba ya rufe gefen hagu da hannu, ya tuna ba nan ne abin kunyar ba, ya koma rufe dama. Ana cikin haka sai ga Auta, wanda ke shawagi a kusa tun safe.

"Yaya, kawo in ƙarasa masa, minti biyu ne."

"Taɓa kilifar nan ka gani."

"Taimako zan yi."

"Taimaki kanka ka fita."

Kawu ya zauna yana ja ta hanci huɗu, yana saki ta baki shida, fuska a yatsine kamar wanda aka ɗura wa kananzir. Yana ƙyamar agogon, yana ƙyamar Likitar Hira da shukarta, yana ƙyamar bencin da bai taɓa sanin yana da ƙusa a gefe ba sai yau. Ya fi ƙyamar rabin kan nan da ke kallon sa ta madubi, aikin hannunsa, a bainar jama'a. Bai taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba. Da suka cika ya miƙe, ya sake murɗa agogon, ya shiga dajin hagu ya share shi tas. Direba ya shafa kai, ya duba ta ko'ina bai sami abin kushewa ba, ya rantse ba zai sake dawowa ba.

Ranar sau goma sha uku agogon ya yi ƙara, sau goma sha uku Kawu ya zauna. Kai bakwai kawai ya yi. Washegari ya tashi yana jiran bayan ya kayar da shi kamar kullum, bai kayar da shi ba. Ya buɗe shago Talata, ya buɗe Laraba, har Asabar. Rabon da ya yi kwana shida a jere tun kafin ɗaga janareta.

Kar wani ya ce ya warke. Ciwon yana nan, akwai safiyar da sai ya dafa bango zai sa takalmi, kuma a watan da ya biyo baya ya yi kwana ɗaya a ƙasa. Mutum biyu ko uku masu gaggawa sun koma wani shagon, sun ce su ba za a shanya su ba. Direba ya dawo bayan wata ɗaya, ya zo da hula a aljihu, agogo na yin ƙara ya kifa ta a kai ya ci gaba da hira. A zama na takwas likitar ta ƙara masa minti biyu, ta sake miƙo takardar fuskokin nan. Ya daɗe yana dubawa, ya dangwala yatsa a kan wata mai miƙaƙƙen baki, ba murmushi ba kuka, ya ce wannan ma don dai babu mai tsaki ne. Da ya koma gida ya ajiye makulli a kan tebur don ya ga abin da Inna za ta yi. Ta ɗaga shi ta goge teburin, ta mayar da shi inda yake, ta wuce. Auta ya koma sayar da cajar waya, kawunan unguwa suka huta.

Abin da Kawu bai yafe ba har yau shi ne abin ya yi aiki. Da allura ce, da ya yi ta ba da labari. Amma a ce shekara tara na azaba, hoto uku, ƙwaya buhu guda, ƙarshenta agogon girki da yarinyar da ba ta taɓa taɓa bayansa ba, wannan ya tsaya masa a wuya. In agogon ya yi ƙara sai ya harare shi tukuna kafin ya zauna.

Makon jiya ni ne a kan kujerar. Ya gama mini dama, agogo ya yi ƙara, ya ajiye kilifa ya koma benci yana jan numfashinsa na ɗan aji ɗaya. Na ce masa zan rubuta tarihinsa duniya ta karanta, jarumin da ya yi kokawa da ciwo shekara tara ya kayar da shi da ƙarfin zuciya.

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Wane ƙarfin zuciya? Zama aka ce in yi, na zauna. Daina taɓa kan nan, ban gama ba."